ZARE: Tarihin rigimar gudu a Halo, daga 2001 zuwa yau

1/
Daren jiya a hostal na kunna wa abokin ɗakina Halo 3 a kwamfuta. Mutumin nan a Call of Duty na waya ba a ja da shi. Bai yi minti biyu da karɓar hannun wasan ba ya juyo ya ce, "Malam, ina maɓallin gudu?" Na ce babu. Ya ajiye hannun a kan katifa ya ce, "Wane irin soja ne ba ya gudu?"

2/
Na yi dariya, don bai san ya taka wutsiyar rigimar da ta kai shekara 15 ana yi ba. Tun 2010 masoya Halo ke cacar baki a kan wannan maɓalli guda. Wasu sun bar wasan saboda shi, wasu sun ce ba za su taɓa wasan da babu shi ba. Yau zan warware muku tarihin. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

3/
Abin da na fahimta bayan na bi tarihin: maganar gudu a sama take yawo. Tambayar da ke ƙasa ita ce, idan mutum biyu suka yi kiciɓis a fili, me ya kamata ya ba ɗaya galaba? Abin da ya ƙwata a cikin filin da hannunsa, ko abin da ya shigo da shi daga waje? Ku riƙe wannan tambayar, za mu yi ta dawowa kanta.

4/
Ga waɗanda ba su sani ba: Halo jerin wasannin harbi ne na Xbox. Labarinsa a ƙarni na 26, 'yan Adam na yaƙi da taron halittun wasu duniyoyi da ake kira Covenant, jarumin kuma Master Chief mai koren sulke. Labarin ba shi ne a gabana ba yau. Ɓangaren da mutum ke karawa da mutum ɗan'uwansa nake nufi.

5/
Kamfanin Bungie ne ya ƙirƙire shi. A Yulin 1999 Steve Jobs da kansa ya gabatar da shi a taron Macworld. A 2000 Microsoft ya saye Bungie, don yana neman wasan da zai sayar masa da sabon akwatinsa. Ranar 15 ga Nuwamba 2001, Xbox da Halo: Combat Evolved suka fito rana ɗaya a Amurka.

6/
Kafin nan, karawar harbi sarautar masu kwamfuta ce. Quake na 1996 da Unreal Tournament na 1999 su ne manyan malamai. Dokarsu mai sauƙi: kowa ya fara da ƙaramin makami iri ɗaya, manyan makamai suna ajiye a fili, wanda ya iya ya je ya ɗauka. GoldenEye 007 na 1997 ya nuna ana iya yin irin wannan a talabijin, amma saiti da hannun wasa bai yi daɗi ba tukuna.

7/
Halo ya gaji waccan dokar, ya ƙara nasa. Bindiga biyu kawai za ka riƙe. Kana da garkuwa wadda in an fasa ta, ka ɓuya na 'yan daƙiƙu, sai ta cika da kanta. Gurneti da maɓallinsa, duka da gindin bindiga da nasa. Bindiga, gurneti, duka: Bungie daga baya sun kira su alwatikar zinariya. Ni na fi ganinsu kamar duwatsun murhu. Cire ɗaya, tukunya ta kife.

8/
Ku lura da wani abu a nan, don shi ne asalin rigimar: tafiyarka iri ɗaya ce, kuma bindigarka kullum a ɗage take. Gaba, baya, gefe, tsalle, duk kana iya harbi, kana iya jifa, kana iya duka. Babu lokacin da za ka zaɓa tsakanin motsi da faɗa. A tare suke.

9/
Sannan kowa na farawa daidai. Ɗan shekara uku a wasan da wanda ya fara yau, makami ɗaya za a ba su. Roka, bindigar harbi daga nesa, ƙarin garkuwa, layar zana, duk suna wuraren da kowa ya sani, kuma suna dawowa a ƙayyadadden lokaci. Gwanaye agogo suke riƙewa a ka. Rabin wasan shi ne sanin inda za ka tsaya kafin roka ta dawo.

10/
Abin mamaki, wannan ɓangaren da ya zama gado saura ƙiris a cire shi saboda ƙurewar lokaci. Mutane ƙalilan ne suka haɗa shi, Hardy LeBel da Michael Evans na kan gaba. Ƙaramar bindigar nan kuma mai kashewa da harbi uku, Jason Jones, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Bungie, ya amsa daga baya cewa shi ya ƙara mata ƙarfi dab da a rufe aiki.

11/
Bindigar nan ita ta fara raba kan mutane. Wasu suka ce ta fi ƙarfin wasan, ta mayar da sauran makamai kayan ado. Wasu suka ce ai ita ce adalcin: da ka dawo fili kana da abin kare kanka ko da abokin gaba na riƙe da roka, in dai hannunka ya iya saiti. Har yau ba a gama wannan musun ba.

12/
Kuma fa babu intanet a ciki. Xbox Live sai Nuwamban 2002 ya zo. Mutum 4 ne a talabijin ɗaya, an raba allon gida huɗu. In kuna son ku kai 16, sai a kwaso akwati 4 da talabijin 4 a haɗa da waya. A filin Blood Gulch aka ƙulla abota da yawa, aka kuma ɓata da yawa, musamman da masu leƙen ɓangaren allon wani. 😅

13/
Halo 2 ya fito 9 ga Nuwamba 2004, ya tara dala miliyan 125 a ranar farko. Babban abin da ya kawo ba bindiga ba ce. A lokacin, in kana son wasa ta intanet, jerin ɗakuna ake ba ka ka zaɓa da kanka. Max Hoberman, jagoran wannan ɓangare, ya ce a'a: tara abokanka, zaɓi irin wasan da kuke so, na'ura ta nemo muku abokan karawa.

14/
A lokacin mutane da yawa sun yi ca, wai an ƙwace musu zaɓi. Yau kuwa duk wasan da ke wayarka haka yake aiki: ka danna, a haɗa ka. Halo 2 na cikin manyan waɗanda suka sa ya zama al'ada. Manufar ita ce a kwaikwayi zaman falo: ku shiga tare, ku fita tare, kuna hira tsakanin wasa da wasa.

15/
Ya kuma kawo matsayi daga 1 zuwa 50. Ka ci ka hau, a ci ka ka sauka, kuma kowa na ganin lambarka. Lambar nan ta sa mutane sun zage, ta kuma haifi maguɗi. Akwai masu danna maɓallin dakatar da na'urar intanet ɗinsu don wasan kowa ya daskare su kuma su yi ta kisa. Duk inda aka sa lamba, sai an sami mai neman ta ta bayan gida.

16/
Halo 2 ya fara taɓa duwatsun murhu. Ya ba ka damar riƙe bindiga biyu, hagu da dama. Amma in ka riƙe biyu ba ka jifa da gurneti, in ka kai duka ta biyun ta faɗi. Gwanaye suka ƙi, suka rungumi Battle Rifle mai kashewa da harbi huɗu. Aka fara sabon musu: da wace bindiga ya kamata a fara wasa?

17/
Ga kuma BXR. Kuskure ne a cikin wasan: ka danna B, X, R a jere da sauri, ka kai duka ka soke jinkirinsa ka harba, mutum ya faɗi nan take. Wasu suka ce ha'inci ne. Wasu suka ce ƙwarewa ce, tunda maɓallan suna hannun kowa. Ku duba hujjar tasu: "suna hannun kowa". Ma'aunin adalci ke nan a wajen 'yan Halo.

18/
Don ku san yadda aka so wasan nan: ranar 15 ga Afrilu 2010 Microsoft ya rufe Xbox Live na tsohon akwati. Wasu 'yan wasa suka ƙi kashe akwatunansu, don in dai ba ka fita ba, ba a iya korarka. Aka yi ta raguwa har suka zama 14. Na ƙarshensu sai cikin watan Mayu ya faɗi.

19/
Halo 3, 25 ga Satumba 2007, dala miliyan 170 a ranar farko a Amurka. Mutane da yawa nan suke sa tutar ƙololuwa. Bungie suka dawo da Assault Rifle a matsayin makamin farawa don gurneti da duka su dawo da martabarsu. Suka ƙara kayan aiki irin su Bubble Shield, kumfar da harsashi ba ya ratsawa.

20/
Kayan nan sabon abu ne, amma sun bi tsohuwar doka: a fili suke ajiye, sai ka je ka ɗauka, ka yi amfani da su sau ɗaya sun ƙare. An yi ƙorafi, amma gida bai rabu ba. Ga Forge kuma, inda kake gyara fili da kanka. Grifball daga hannun masu wasa ya fito. Infection ma wasan aljanu ne da mutane suka ƙirƙira a Halo 2 bisa amana, Bungie suka mayar da shi doka.

21/
Toh, mako shida bayan Halo 3, ranar 5 ga Nuwamba 2007, Call of Duty 4: Modern Warfare ya fito. Nan labarin ya juya. Tunaninsa daban ne gaba ɗaya. Kafin a fara kai za ka haɗa guzurinka: bindigarka, abin da za ka maƙala mata, da laƙanin da zai ƙara maka wata baiwa. Kashe uku a jere a ba ka tukuici, biyar a ƙara, bakwai a aiko maka jirgi mai saukar ungulu.

22/
Akwai gudu, akwai ɗaga bindiga zuwa ido kafin harbi, kisa kuma cikin ƙiftawa. Sabon shiga ma zai samu nasa in ya riga ganin mutum. Ko an ci ku, makinka na hawa, ana buɗe maka sabon kaya. A Halo kuwa in wani ya fi ka, ko ka riga shi harbi zai iya juyowa ya gama da kai. Wanne kuke ganin sabon ɗan wasa zai fi so?

23/
Zuwa 2010 Call of Duty ya karɓe kambun Xbox Live. Daga nan duk wanda ke ƙera Halo yana da tambaya a kan teburinsa: mu tsaya a namu mu yi ta rasa sababbin yara, ko mu ɗebo na maƙwabci mu ɓata wa tsofaffin gida rai? Ba tambayar raini ba ce. Kuɗi masu yawa da aikin ɗaruruwan mutane na rataye a kanta.

24/
Halo: Reach, 14 ga Satumba 2010, shi ne na ƙarshe daga Bungie. Nan guzuri ya fara shigowa. Kafin ka fito fili za ka zaɓi baiwa ɗaya: gudu, ko jakar tashi sama, ko ɓacewa, ko hoton bogi na kanka, ko Armor Lock. A karon farko mutum biyu za su haɗu, kowanne da abin da ɗayan ba shi da shi, kuma ba a fili ya ƙwato ba.

25/
Armor Lock ya sha zagi wallahi. Ka durƙusa, na 'yan daƙiƙu babu abin da zai taɓa ka. Mutum ya kusa mutuwa sai ya kulle kansa yana jiran abokansa. Jakar tashi kuma ta rusa lissafin fili. A da, bene ko tudu sai ka yi faɗa a matattakala kafin ka hau. Yanzu wani zai taso daga ƙasa ya dira a bayanka.

26/
Sai buɗewar saiti. A bindigar DMR, in kana harbi da sauri da'irar saitinka na faɗaɗa, harsashi na iya zuwa ko'ina a cikinta. Niyyar ita ce a saka wa mai natsuwa. A aikace, mai ɓarin wuta yakan ci mai natsuwa da sa'a kawai. 'Yan Halo za su yafe maka abubuwa da yawa, ban da ka sa sa'a ta yanke hukuncin faɗa.

27/
A 2011, 343 Industries, kamfanin da Microsoft ya kafa don ya gaji Halo, ya fitar da gyara: aka rage buɗewar saiti, aka rage ƙarfin Armor Lock. MLG, babbar gasar ƙwararru ta lokacin, ta ƙare da cire gudu da buɗewar saiti daga dokokinta. A 2012 ta ajiye Halo daga manyan wasanninta, bayan shekaru yana zaman ginshiƙinta.

28/
Halo 4, 6 ga Nuwamba 2012. Maimakon a ja baya, sai aka ƙara wuta. Gudu ya zama na kowa. Kai za ka haɗa guzurinka da laƙaninka. In ka tara maki, a jefo maka babban makami daga sama har inda kake tsaye. Ka mutu, ka danna maɓalli ka dawo nan take. Matsayin 1 zuwa 50 kuma babu shi a cikin wasan ranar fitowa.

29/
Ku tuna post na 9. In makami zai sauko maka daga sama, me zai sa ka yi faɗa a kan tsakiyar fili? Agogon da gwanaye ke riƙewa a ka ya tashi aiki. Ga Boltshot, ƙaramar bindiga mai kisa da harbi ɗaya a kusa, kana fitowa da ita a aljihu. Ga Promethean Vision mai nuna maka mutum ta bayan bango.

30/
Ya sayu sosai, dala miliyan 220 a ranar farko. Amma cikin 'yan watanni filayen intanet suka yi ta yoyon mutane. Mai son Call of Duty ya koma wajen na asali, wanda Black Ops II ɗinsa ya fito mako ɗaya bayan Halo 4. Tsohon ɗan gida kuma ya ga gidan ya canja masa. Ba a samu na dawa ba, na gida ya tsere.

31/
Bari in tsaya in kawo hujjar kowane ɓangare a kan gudun kansa, don kada a ce na yi son kai. Masu so suna cewa: sojan da aka ƙera ya fi ɗan Adam, a ce ba ya gudu? Gudu na sa ka ji jikinka a wasan. Zaɓi ne mai haɗari, ka sauke bindiga don ka isa da wuri. Kuma duk yaron da ya taso bayan 2007, yatsansa da kansa yake neman maɓallin.

32/
Masu ƙi suna cewa: in ka sa gudu, dole mai zana fili ya faɗaɗa shi, in ba haka ba kowa zai faɗa kan kowa. Ka ga lokacin zuwa daga nan zuwa can bai ragu ba. Abin da ya canja shi ne yanzu rabin tafiyar bindigarka a ƙasa take. Sauri ya haifi nawa ke nan. Ka ji kamar kana sauri, alhali filin ne aka ja.

33/
Hujjarsu ta biyu ta fi ƙarfi a ganina. A Call of Duty kisa na da sauri, wanda ya juya baya ya mutu. A Halo sai ka fasa garkuwa tukuna. Wanda ya ga ana cin sa sai ya sheƙa, kai kuma in ka bi shi da gudu ba ka iya harbi, in ka tsaya harbi ya ɓace, garkuwarsa ta cika. Kuskuren shiga inda bai kamata ba ya daina samun hukunci.

34/
Halo 5: Guardians, 27 ga Oktoba 2015, ya yi ƙoƙarin sulhu. Aka dawo da farawa daidai, manyan makamai suka koma fili. Gudu ya zauna, amma garkuwarka ba ta cika in kana gudu. Aka ƙara wa kowa zillewa gefe, kama bango a hau, sulɓewa a ƙasa, da dirowa daga sama da naushi. Kowa na da su, don haka a ma'aunin adalci ya wuce.

35/
Gasa ta farfaɗo. Gasar duniya ta 2016 dala miliyan 2.5 aka raba, Counter Logic Gaming suka ɗauki kofi. Amma wasan ya yi wa mai wasan nishaɗi nauyi, yatsu sun yi yawa. A Warzone kuma, mai mutum 24, makamai daga katunan REQ suke fitowa, waɗanda ake samu da maki ko a saya da kuɗi. Guzuri ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, wannan karon da alaƙa da aljihu.

36/
Babban laifin Halo 5 a wajena: ya cire raba allo. Ni a gidan wani yayana na fara ganin Halo, mu huɗu a talabijin ɗaya, janareto na ƙara a waje. Ba data, ba jinkirin netwok. Ga irinmu da intanet ke da tsada, wannan ne hanyar shiga. Kukan ya yi yawa har a 2017 shugabar 343 ta lokacin, Bonnie Ross, ta yi alkawarin dawo da shi.

37/
Halo Infinite: ɓangaren karawa ya fito ba zato ranar 15 ga Nuwamba 2021, ranar cikar Halo shekara 20, kuma kyauta. Dabarar da suka yi wa gudu ta burge ni. Sun bar maɓallin, amma ƙarin saurin kaɗan ne ƙwarai. Mai so ya danna ya ji daɗi, filin kuma ba sai an ja shi ba. Kusan kowa ya samu abin da zai faɗa wa abokinsa "ka gani ko?"

38/
Kayan aiki suka koma ƙasa kamar na Halo 3. Igiyar Grappleshot da ke fizgar ka zuwa bango, sai ka je ka ɗauka, kuma tana ƙarewa. Kowa na farawa daidai. Hatta tsofaffin masu ƙorafi da yawa sun yarda faɗan ya yi daɗi. A Steam kawai an haura mutum 270,000 a lokaci guda, zuwa Janairun 2022 an ce mutum miliyan 20 sun taɓa shi.

39/
Amma jama'a suka sake watsewa, kuma wannan karon ba ruwan gudu. Filaye 10 kawai. Ranar fitowa ba ka iya zaɓar Slayer shi kaɗai. Ba ka hawa don ka yi wasa da kyau, sai ka cika wasu ayyukan da aka rubuta maka. Launin sulke da a da kyauta ne ya koma shago. Forge sai Nuwamban 2022. Raba allo a ɓangaren labari kuma aka soke shi, duk da alkawarin 2017.

40/
Wannan ya tilasta mini gyara ra'ayina. A da ina cikin masu cewa gudu ne ya kashe Halo. Infinite ya nuna kana iya gyara faɗan tsaf mutane su tafi. Abin da ya riƙe su a Halo 3 ya haɗa da Forge, wasannin shirme da abokai, hira bayan wasa, lambar da kake kishi. An shekara goma ana musu a kan ƙafafun soja, falon da ake zama yana rushewa.

41/
Ko na'urar haɗa 'yan wasa ta shiga rigimar. Yau ana ƙoƙarin kowane wasa ya zama kai da sa'anka daidai wa daida. A 2023 Max Hoberman ya fito ya ce shi ba haka ya tsara ba. Da gangan ya cakuɗa: wani wasan ka fi su, wani su fi ka, wani ku yi kunnen doki. A ganinsa, in kowane wasa ya zama na ƙarshen gasa, mutum gajiya yake yi.

42/
Masu kare tsarin yau su ma suna da magana: wasan da kai ka ji daɗin "ka fi su", akwai sabon shiga a ɗaya gefen da aka yi wa kisan mummuƙe, wataƙila ba zai dawo ba. Tambayar nan ce dai ta post na 3 da wata riga. Wa ake gina wa wasan, wanda ya daɗe ko wanda ya zo yau?

43/
Ga abin da ya fi ba ni mamaki. Ku 'yan PUBG da Free Fire, ya kuke farawa? Ku diro daga jirgi hannu rabbana, makami na ƙasa, wanda ya riga ya ɗauka. Tunanin da aka ce ya tsufa a 2012 shi ya dawo ya cinye duniya daga 2017. Bambancin: a can sa'a ke raba kaya, a Halo kowa ya san inda roka take da lokacin da za ta dawo.

44/
Matsayata ke nan. A kan farawa daidai, tsofaffin gida suna da gaskiya, kuma tarihi ya mara musu baya: Halo 4 ya bar dokar ya sha wuya, wasanni biyu da suka biyo baya duk sun dawo da ita. A kan gudu, sun zuzuta. Yana da illa ga fili da faɗa, amma an nuna ana iya rage illar. Dokar ce ba ta karɓar rabi da rabi.

45/
Kuma wannan ya shafe mu ko ba mu taɓa riƙe Xbox ba. Duk wasan da za ka zuba wa data da lokacinka, tambayi kanka: wanda ya kashe ni, ya fi ni hannu ne, ko ya riga ni buɗe kaya, ko ya fi ni kuɗi? In amsar ta farko ce, gobe kana iya ramawa da koyo. In ta ƙarshe ce, ka san wa aka gina wa wasan.

46/
Rigimar ba ta mutu ba fa. A Oktoban 2024, 343 ya canja suna zuwa Halo Studios. A Oktoban 2025 suka sanar da sake gina Halo na farko, har da PlayStation 5, ɓangaren labari kawai ba karawa. Sun sa gudu a ciki, tare da damar kashe shi ga wanda ba ya so. Ko awa ɗaya ba a yi ba aka dasa musun daga inda aka tsaya. 😂

47/
Abokin ɗakina dai ya sake ɗaukar hannun. Na ci shi sau uku a jere, duk da roka. A na huɗu na ga ya daina bi na, ya je ya laɓe kusa da inda take fitowa. Can ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Saura daƙiƙa nawa ta dawo?" Na ƙi faɗa masa. Ya ƙirga da kansa, ya riga ni, ya tarwatsa ni.

48/
Har yanzu yana nan a kan bakansa cewa sojan ya kamata ya yi gudu, ni ma ban sauka daga nawa ba. Mun yi za mu sake zama ranar Juma'a bayan gwajin da ke gabanmu. Ku kuma fa? Waɗanda suka buga Halo, wanne ne naku, kuma da gudu ko babu? In na yi kuskure a wata shekara ko wani suna, ku gyara mini a ƙasa.